Fitila Ɗari da Fatalwa Mai Bin Hakki: Tarihin Labarun Tsoro a Japan

A ƙasar Japan ba da labarin fatalwa al'ada ce mai lokacinta da ƙa'idojinta da gwanayenta, kuma ana iya bin sawunta a rubuce tun daga fadar sarakunan Kyoto, sama da shekara dubu da suka wuce, har zuwa finafinan da suka tayar wa duniya tsikar jiki a ƙarshen ƙarni na 20. Irin waɗannan labarai ana kiran su kaidan, wato labarin abin al'ajabi mai ban tsoro, ita kuwa fatalwar, wato kurwar mamacin da ta kasa barin duniya saboda wani ƙulli da ta mutu da shi a zuci, sunanta yurei. Duk wanda ya bi wannan tarihi daki-daki zai ga cewa masu riƙe da al'adar sun dogara ne ga abu biyu waɗanda ba su cika canzawa ba ko da kayan aiki sun canza: sa mai sauraro jiran abin da ya san yana tafe, da kuma sanya gaskiya a hannun fatalwar, ta yadda tsoron da ake ji yake cakuɗe da sanin cewa an ci amanarta, kuma alhakinta yana wuyan wani.

Na biyun ya girmi na farkon. A zamanin Heian, wanda ya fara a 794 lokacin da aka mai da fada birnin da ake kira Kyoto a yau, masu mulki sun yi imani cewa babban mutumin da aka zalunta har ya mutu da baƙin ciki yana iya komowa da annoba ko fari ko gobara, shi ya sa a 863 aka yi gagarumin bikin lallashin irin waɗannan kurwoyi a lambun Shinsen-en bayan cuta ta addabi birnin. Misalin da ya fi shahara shi ne na Sugawara no Michizane, malami kuma babban bafade, wanda abokin hamayyarsa Fujiwara no Tokihira ya ƙulla wa sharri har aka kore shi zuwa Dazaifu a tsibirin Kyushu a 901, inda ya rasu a 903. Tokihira ya mutu a 909 bai cika shekara arba'in ba, yarima mai jiran gado ya bi shi a 923, sannan a 930 aradu ta faɗa wa wani zauren fada ta kashe wasu manyan fadawa, shi kansa Sarki Daigo bai ga ƙarshen wannan shekarar ba. Abin da fadar ta yi a tsakanin waɗannan masifu shi ne mayar wa mamacin da muƙaminsa, aka kuma gina masa wurin bauta a Kitano a 947, har aka wayi gari ana ɗaukarsa majiɓincin ilimi wanda ɗalibai ke kai wa koke kafin jarrabawa. Daga nan aka gaji fahimtar da ta zauna a zukatan mutane, cewa fatalwa mai ƙara ce, kuma tana kwantawa idan aka biya ta hakkinta.

Adabin fada da wasan kwaikwayon noh sun riƙe wannan fahimta ba tare da sun mai da hankali ga razanarwa ba. A littafin Genji Monogatari na farkon ƙarni na 11 akwai wata mace mai daraja, Rokujo, wadda kishi ya sa kurwarta take fita daga jikinta tun tana raye ta je ta addabi kishiyoyinta, ita kanta ba ta da ikon hana ta. A wasannin noh kuwa, waɗanda Zeami ya daidaita musu tsari a ƙarni na 14 zuwa na 15, yawanci wani malamin addinin Buddha ne matafiyi ke haɗuwa da baƙo a hanya, daga baya ta bayyana cewa baƙon mamaci ne mai son a ji labarinsa a yi masa addu'a. Tausayi ya fi tsoro yawa a waɗannan ayyuka.

Tsoro ya zama abin nema don kansa ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da yaƙe-yaƙen cikin gida suka lafa, birane suka cika, karatu ya yaɗu, buga littattafai da sassaƙaƙƙen katako ya yi araha. A wannan zamani ne aka san wani taron dare da ake kira hyakumonogatari, wato labarai ɗari. Littafin Tonoigusa na 1660 ya kawo labarin wasu samarin mayaƙa da suka yi shi, abin da ya yi daidai da ra'ayin masu cewa ya fara ne a matsayin gwajin jarumta, sannan marubuci Asai Ryoi ya bayyana yadda ake gudanar da shi a littafinsa Otogi Boko na 1666. Ana zaɓar daren da babu farin wata, a kawo fitilar mai irin ta gida, wadda akwatin katako ce mai bangon takarda, a lulluɓe ta da shuɗiyar takarda, a kunna lagwani ɗari, duk wanda ya gama ba da labari ya kashe guda. A wani salon taron akan ajiye fitilar a can wani ɗaki, sai mai labari ya ratsa duhu shi kaɗai ya je ya kashe lagwaninsa, ya dubi fuskarsa a madubi, sannan ya komo. An yi imani cewa da zarar lagwani na ɗari ya mutu wani abu zai bayyana a ɗakin, kuma mai zane Toriyama Sekien ya ba abin siffa a 1781, mace mai dogon gashi da ƙaho tsaye a bayan shuɗiyar fitila.

Hikimar wannan tsari ta cancanci a tsaya a kanta, domin kusan duk abin da masu shirya fim suka gano daga baya yana cikinsa. Duhu yana shigowa ne kaɗan-kaɗan, ido yana rasa bangon ɗaki, sannan fuskokin abokan zama, alhali kunne yana ƙara buɗewa ga motsin iska da ƙarar katako. Kowa ya san lissafin, saboda haka fargaba tana ƙaruwa ko da labarin da ake bayarwa a lokacin ba shi da wani ƙarfi, domin abin da ake tsoro yana ƙarshen ƙidayar ne. Mai ba da labari kuma ba shi da wata kariya da ta fi ta masu sauraro, tun da shi ma da hannunsa yake rage hasken da ke kare shi. Razana aba ce ta ƙiftawar ido wadda ƙara mai ƙarfi ke iya haifarwa, amma fargaba tana bukatar lokaci da sanin abin da ke gaba, kuma ita ce mutum ke komawa gida da ita. Shi ya sa aka ruwaito cewa masu taron sukan tsaya a labari na 99 su zauna jiran asuba, wanda hakan ke nuna cewa wasan ya cim ma burinsa tun kafin a ga komai. Mai karatu Bahaushe zai tuna da tatsuniya, wadda ita ma ta dare ce kuma cike take da dodanni, sai dai tatsuniya tana rufewa da kalmomin da ke shaida wa yara cewa ƙarya ce irin ta Gizo, ta sallame su su je su kwanta, alhali kaidan ya dage ne a kan cewa abin ya faru. Tarin labarai na Shokoku Hyakumonogatari da aka buga a 1677 yakan ambaci lardin da kowane abu ya auku, sau da yawa har da sunan wanda abin ya faɗa wa, domin a toshe wa mai karatu hanyar cewa ai ƙage ne.

A wannan zamani ne kuma fatalwar ta sami siffar da aka san ta da ita har yau: farar riga, dogon baƙin gashi a kwance ba ɗauri, hannuwa a sake, jiki yana dusashewa daga ƙugu zuwa ƙasa babu ƙafafu. Ana danganta shaharar fatalwa marar ƙafa ga wani zane da aka jingina wa Maruyama Okyo, wanda ya rayu daga 1733 zuwa 1795. Babu wani abu na dodo a wannan siffa, domin farar rigar likkafanin Japanawa ce, gashin kuma mata a lokacin sukan ɗaure shi sama a rayuwa, sai an zo shirya gawa ake kwance shi. Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza ya san wannan kama, saboda haka abin da ke tsaye a bakin ƙofa mutum ne sananne a wurin da bai kamata a gan shi ba. Labarin Okiku, wanda aka yi wasan 'yan tsana a kansa a 1741, ya haɗa siffar da dabarar ƙidaya: baiwa ce da aka ɗora wa laifin ɓatar da faranti guda cikin goma masu daraja, aka kashe ta aka jefa a rijiya, kowane dare kuma sai a ji muryarta tana ƙirga farantan daga ɗaya zuwa tara, ta rasa na goma, ta fashe da kuka. Har yau ana nuna wa baƙi wata rijiya a fadar Himeji da sunanta.

Aikin da ya fi kowane tasiri shi ne wasan kabuki mai suna Tokaido Yotsuya Kaidan, wanda Tsuruya Nanboku na Huɗu ya rubuta, aka fara nuna shi a gidan wasa na Nakamura da ke birnin Edo a 1825. Kabuki wasan kwaikwayo ne na talakawan birni, maza ke fitowa a matsayin mata, kuma dandamalinsa cike yake da ƙofofin ɓoye da dabarun injin hannu. Labarin na Iemon ne, mayaƙin da ya rasa ubangida ya talauce, da matarsa Oiwa wadda ke jego. Jikanyar wani maƙwabci mai dukiya ta ƙyalla ido a kan Iemon, sai gidansu suka aika wa Oiwa guba da sunan magani, gubar ta lalata mata fuska, mijin kuma ya yarda ya rabu da ita don ya auri kuɗi. Wurin da ya fi girgiza masu kallo ba shi da fatalwa ko kaɗan: Oiwa ce, tana raye, bayan ta ga kanta a madubi, take ƙoƙarin gyara jikinta don ta je ta fuskanci waɗanda suka cuce ta, tana taje kai gashi yana zubowa tuli-tuli da jini. Nanboku ya ja wannan fage a hankali har sai mai kallo ya koma ɓangarenta gaba ɗaya, ta yadda idan ta dawo bayan mutuwa ba zai iya fatan ta tafi ba, ko da yake ba ya iya jure ganinta. A nan ne ƙarfin wasan yake, kuma a nan ne kwaikwayonsa da yawa suka gaza, domin sun ɗauki mummunar fuskar sun bar zaluncin da ya haife ta.

Dabarun dandamali sun zo ne don su yi wa wannan hidima. Iemon ya kafe gawar Oiwa da ta baransa Kohei a fuska biyu na ƙyaure guda ya jefa a kogi, daga baya ƙyauren ya taso masa a inda yake kamun kifi, ana juya shi gawa ɗaya ta yi magana sannan ɗayar, kuma ɗan wasa guda, Onoe Kikugoro na Uku, shi ya fito a duka biyun ta hanyar sauya shiga cikin sauri. A daren angwanci Iemon ya ga fuskar Oiwa a jikin amarya, ya kai sara, sai ga amaryar ce ya kashe. Fatalwar ba ta cika taɓa kowa da hannunta ba, idon mai laifi take rikitawa har ya hallaka na kusa da shi. Katsushika Hokusai ya zana fuskarta tana fitowa daga yagaggiyar fitilar takarda a jerin zanensa na labarai ɗari, wanda guda biyar kawai aka sani daga cikinsa, kuma har yanzu al'adar 'yan wasa ce su ziyarci wurin bautar da ke ɗauke da sunan Oiwa a unguwar Yotsuya kafin su fara aikin labarin. Irin waɗannan wasanni sun zama na lokacin zafi, lokacin bikin Obon da ake cewa matattu na ziyartar iyalansu, mutane kuma suna cewa sanyin tsoro yana rage zafin gari.

Da zamanin Meiji ya shigo a 1868 da makarantun zamani da kimiyyar Turai, an zaci al'adar za ta mutu. Masanin falsafa Inoue Enryo ya shafe shekaru yana tattara labarun aljanu da fatalwa don ya nuna cewa yawancinsu ruɗin ido ne ko na zuciya. Amma a daidai wannan lokaci ne San'yutei Encho, wanda ya rayu daga 1839 zuwa 1900, ya kai fasahar baka ƙololuwarta. Gwanin rakugo ne, wato ba da labari na mutum guda a zaune bisa matashi, ba shi da kayan aiki sai mafici da ɗan ƙyalle. Labarinsa na Botan Doro, wanda asalinsa daga ƙasar Sin yake, na wata budurwa ce, Otsuyu, da ta mutu da son wani saurayi, take zuwa masa kowane dare tare da kuyangarta riƙe da fitila. Encho ya saɓa wa al'ada ya ba fatalwarsa ƙafafu, domin ya sami damar kwaikwayon ƙarar takalmin katako yana matsowa cikin dare, ya mai da tsoron daga ido zuwa kunne. Ya kuma sa baran saurayin ne ya ɓamɓare layun da aka manna a gidan bayan an saye shi da kuɗi, wanda ya nuna cewa kwaɗayin mai rai ne ke buɗe wa matacce ƙofa. An ɗauki labarin da rubutun gaggawa aka buga shi a 1884 kamar yadda ya fito daga bakinsa, kuma wannan bugu ya taimaka wa marubutan Japan wajen koyon rubutu da harshen da ake magana da shi. Turawa kuwa sun san waɗannan labarai ne ta hannun Lafcadio Hearn, wanda ya isa Japan a 1890, matarsa Koizumi Setsu tana ba shi su da baki, ya fitar da littafinsa Kwaidan a 1904, shekarar da ya rasu.

Sinima ta gaji wannan duka. Nakagawa Nobuo ya yi fim ɗin Oiwa a 1959 wanda ake ɗauka a matsayin mafi kyau cikin masu yawa da aka yi a kanta. Kobayashi Masaki ya ɗauki labarai huɗu na Hearn ya yi Kwaidan a 1964, wanda ya sami lambar yabo ta musamman a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1965, kuma abin da ya fi fice a cikinsa shi ne sautin da Takemitsu Toru ya tsara, inda ƙarar tsagewar itace ke zuwa ba daidai da motsin da ido ke gani ba, wani lokaci kuma a ɗauke sauti gaba ɗaya a wurin da kunne ke jiransa.

Babban sauyi ya zo ne da Ringu na Nakata Hideo a 1998, wanda aka ciro daga littafin Suzuki Koji na 1991. A zahiri kayan tsofaffi ne: Sadako mace ce da aka kashe aka jefa a rijiya, farar riga gare ta da gashin da ya rufe fuska. Ƙidayar ma tana nan, domin duk wanda ya kalli wani kaset na bidiyo sai waya ta yi ƙara, kuma kwana bakwai suka rage masa, fim ɗin yana nuna ranakun a rubuce ɗaya bayan ɗaya. Jini kusan babu shi, fuskar Sadako ba a nuna komai daga cikinta sai ido guda, tafiyarta mai karkacewa kuma an same ta ne ta hanyar ɗaukar 'yar wasan tana tafiya da baya sannan aka juya hoton. Sabon abin shi ne waɗanda ke mutuwa ba su yi wa Sadako komai ba. 'Yar jarida Reiko da tsohon mijinta Ryuji sun bi tsohuwar ƙa'ida, wadda fadar Kyoto ta bi da Michizane: sun binciko zaluncin, sun gano rijiyar, sun fito da ƙasusuwan, mai kallo ya saki jiki yana zaton an biya hakki. Sai ga shi Sadako ta rarrafo daga cikin akwatin talabijin ta kashe Ryuji, ta bayyana cewa hanya ɗaya ta tsira ita ce a kwafi kaset ɗin a nuna wa wani, fim ɗin kuma ya ƙare Reiko tana kan hanyar zuwa wurin mahaifinta da kaset don ta ceci ɗanta. Wanda ya tsira a nan sai ya zama mai zalunci, kuma a wancan lokaci yawancin waɗanda suka kalli fim ɗin a gida a kaset suka kalle shi, a gaban irin akwatin da fatalwar ta fito.

Shimizu Takashi ya ƙarasa rushe yarjejeniyar a Ju-On, wanda ya fara a bidiyo a 2000 kafin ya shiga sinima. Fatalwar fim ɗin, Kayako, mijinta ne ya kashe ta, amma fushinta ya kama duk wanda ya taka gidanta, ma'aikaciyar jinya ko ɗan sanda ko ɗaliba, babu addu'a ko bincike da ke warware shi, kuma tana bayyana da rana tsaka, har ma a ƙarƙashin bargon da mutum ya shige don ɓuya. Kamfanonin Amurka sun sake yin finafinan biyu, The Ring a 2002 da The Grudge a 2004, sun kuma yi kasuwa sosai, sai dai na farkon ya nuna ruɓaɓɓiyar fuskar fatalwar a fili ya ƙara sihirin kwamfuta a fitowarta, ya kuma cire tafiyar uwar zuwa wurin mahaifinta, ya bar wanda za a miƙa wa kaset ɗin ba suna ba fuska, wanda hakan ya sauƙaƙa wa mai kallo nauyin da fim ɗin Nakata ya ɗora masa.